Hasashen damina yana isa wurin masu riƙe da ruwan Tiga da Challawa kuwa?

Dan_Auyo
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar ruwa. Duk shekara wajen Janairu ko Fabrairu hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, ko za a sami tsaiko a tsakiya. Bayanta NIHSA, hukumar da ke lura da ruwan koguna, ta fitar da nata na ambaliya, ta jero ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Mu a Jigawa mun kusa haddace jerin: Ringim, Miga, Auyo, Kafin Hausa, Haɗeja, Kirikasamma, Guri. Ana ce mana mu yi hattara, mun ji. Amma ruwan da ke cin gonakinmu ba duka ne ke sauka a kanmu ba, mafi yawansa gangarowa yake daga sama. Shin masu yanke shawarar ruwan da za a ajiye a dam ɗin Tiga da na Challawa da ke jihar Kano da wanda za a saki suna duba wannan hasashe? Idan an ga alamar damina za ta yi ƙarfi, me zai hana a rage ruwan dam tun Yuni ko Yuli, kafin marka ta kankama? Ni a ganina hasashen da bai sauya shawarar kowa ba, an yi aikin banza.

Malam_Idi_Kura
Wa alaikumus salam. Dan_Auyo, ka yi magana a matsayinka na mutumin gangare, bari in yi tawa ni da nake tudu. Noman rani nake yi a Kura, kuma da ruwan Tiga muke ci. Yanzu a ce an saki ruwa a Yuli saboda hasashe, sai Allah Ya kawo damina mai rauni, dam bai cika ba. Wa zai ba mu ruwan da za mu shayar da alkama da tumatir da albasa a Janairu? Ba mu kaɗai ba, Bunkure da Garun Malam duk haka ne. Birnin Kano ma daga ruwan nan yake sha ta matatar ruwa ta Tamburawa. Ruwan da aka saki ya tafi, ba a kiransa ya dawo.

Ummi_K
Ni na ɗauka daga Kamaru ake sako mana ruwan nan. Ba dam ɗin Lagdo ba ne ake ta faɗa a rediyo?

Injiniya_Sabo
Malama Ummi, Lagdo a kan kogin Binuwai yake. Ruwansa Adamawa yake bi, ya shiga Taraba da Binuwai, ya haɗu da Neja a Lokoja. Ko ɗigo ba ya zuwa Jigawa. Namu kogin daban ne: kogin Kano da na Challawa su haɗu kafin Wudil su zama kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are wajen Gashuwa, daga nan ya zama Komadugu Yobe har tafkin Chadi.

Game da tambayar Dan_Auyo, na yi shekaru ina aikin ruwa kafin in yi ritaya, bari in faɗi abin da na sani. An gama Tiga a 1974, Challawa kuma a 1992. Duka biyun don ajiya aka gina su, wato ban ruwa da ruwan sha. Dam ɗin da aka gina don tare ambaliya ana barin masa fili da gangan, ana kuma yi masa manyan ƙofofi. Hanyoyin sakin ruwa na Tiga ƙanana ne idan aka kwatanta da girmansa. Idan ya cika, malala yake ta mazubarsa ko an so ko ba a so ba. Saboda haka ba za ka tashi ranar 20 ga Agusta ka ce a rage shi cikin mako guda ba. Idan za a rage, sai an fara da wuri ana yi kaɗan-kaɗan, kuma nan ne hasashe yake da amfani, nan ne kuma tsoron Malam Idi yake da hujja.

Abin da ake yi a wuraren da suka ci gaba a wannan fanni shi ne jadawalin sarrafa ruwa: a rubuta cewa ranar kaza ruwa kada ya wuce tsayi kaza. Maimakon jadawali ɗaya da ake bi kowace shekara, sai a yi uku, na shekarar yalwa, na matsakaiciya, da na shekarar ƙaranci, a zaɓi wanda za a fara da shi bisa hasashe, a riƙa gyarawa yayin da damina ke tafiya. Ba abu ne da ya fi ƙarfin injiniyoyinmu ba.

Dan_Auyo
Na gode Injiniya. To idan ba ya fi ƙarfinmu, ina matsalar take?

Injiniya_Sabo
Wa zai ɗauki alhaki, nan matsalar take. Ma'aikacin da ya riƙe ruwa aka yi ambaliya zai ce ruwan sama ne ya yi yawa, kowa ya yarda. Wanda ya saki ruwa da wuri damina ta gaza, shi kaɗai za a kama. Muddin ba a rubuta ƙa'ida an sa hannu ba, kowane mai hankali riƙewa zai yi.

Binta_Yanayi
Ina koyar da ilimin yanayi, kuma ina so in ɗan tsaya kan abin da hasashen damina yake iya faɗa da wanda ba ya iyawa, don mutane suna ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa sannan su zage shi.

Hasashen da ake yi watanni kafin damina ya dogara ne galibi kan zafin ruwan teku: Atilantika, Fasifik, tekun Indiya da Bahar Rum. Zafin teku ba ya sauyawa da sauri, shi ya sa yake ba da alamar yadda iskar damina za ta yi ƙarfi. Abin da ke fitowa daga lissafin yiwuwa ce. Za a ce, misali, damar ruwa ya zarce na al'ada ta fi damar ya gaza. Idan aka ce kashi 50 cikin 100 zai yi yawa, 30 matsakaici, 20 kaɗan, to wannan 20 ɗin tana nan, kuma wata shekarar ita za ta faɗo. Sannan na yanki ne, ba na gona ba. Auyo na iya yin fari na kwana goma alhali Kafin Hausa na jiƙe.

Wanda ya fi amfani ga mai kula da dam a tsakiyar damina shi ne hasashen kwana uku zuwa mako guda, haɗe da awon kogi. Ruwan da ya wuce Wudil yau yana ɗaukar kwanaki kafin ya isa Haɗeja. Waɗannan kwanakin su ne ake kwashe mutane da dabbobi da hatsi a cikinsu, idan akwai mai karanta sandar awo kullum yana aika adadin.

Wani abu kuma da ya shafi dam kai tsaye. A 2017 wasu masana ƙarƙashin Christopher Taylor na Ingila sun binciki hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka gano cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya a yankin Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Dalilin da suka bayar shi ne hamadar Sahara tana ƙara zafi. Kuma sananne ne cewa duk ƙarin digiri ɗaya na zafi, iska tana iya ɗaukar ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin 100. Ma'ana ko jimillar ruwan shekara ba ta sauya sosai ba, yanzu yana zuwa ne a dunƙule. Magudana da gada da mazubar dam da aka auna da ruwan shekarun 1960 ba a yi su don irin wannan ba.

Baba_Liman
'Yata Binta, Allah Ya ƙara basira. Akwai masu cewa wannan shiga gaibu ne, har wasu ba sa son a karanta hasashen a masallaci bayan sallar Juma'a. Ni ban ga haka ba. Saukar da ruwa na Allah ne Shi kaɗai, amma duba alama ba da'awar sanin gaibu ba ce. Iyayenmu suna lissafin taurarin damina, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, kowane da kwanansa goma sha uku, suna duba zuwan shamuwa da kaɗewar ganyen gawo, malamai ba su hana su ba. Kuma ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, tana gabanmu: an sami labarin shekarun yalwa da na fari, aka yi tanadi a rumbu, al'umma ta tsira. Abin da nake roƙo kawai, masu sanarwa su riƙa cewa in Allah Ya so, kuma su faɗa yadda kika faɗa, cewa yiwuwa ce. Idan suka faɗa kamar yankan wuƙa, ya saɓa sau ɗaya, manomi ba zai sake saurara ba.

Hajiya_Rabi_Nguru
Ina ta karantawa, kowa na maganar ambaliya kamar annoba ce kawai. Mu a Nguru ruwan nan idan bai zo ba mun shiga uku. Sana'ata kifi ce, banda nake saye wurin masunta ina kai wa kudu. Kifi a ruwan da ya malala cikin ciyawa yake haihuwa. Shinkafar fadama da shi take tashi. Idan ya janye a shuka wake da kankana a danshinsa, shanu su ci abin da ya rage. Rijiyoyinmu ma da shi suke cika. Abin da muke so ruwa ya zo a lokacinsa, ya tafi a lokacinsa.

Abin da ya ɓata mana shi ne yanzu ba ya tafiya. Tun da ake sako ruwa da rani, wuraren da da suke bushewa ƙurmus sun zama jiƙe shekara zagaye, ciyawar kachala ta samu wurin zama. Ku zo ku ga hanyar ruwa ta Marma. Kachala ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru, ruwa ya rasa inda zai bi sai gonakin mutane da gidajensu, can gaba kuma wasu garuruwan suna kukan ba ya isa gare su. Ga jan baki da ke kwana a cikinta, da safe ya faɗa wa shinkafa da gero. Duk hasashen da za a yi, idan ba a yashe hanyoyin nan ba, ruwan matsakaiciyar shekara ma ambaliya zai zama.

Dan_Auyo
Hajiya, wallahi gaskiya ne. Mu ma mun yi aikin gayya muna sarar kachala da lauje da adda cikin kwalekwale, damina ɗaya ta dawo.

Sani_Geo
Abin da Hajiya ta faɗa an taɓa auna shi da kuɗi. A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da abokan aikinsa sun kwatanta abin da ruwa ke samarwa idan aka bar shi ya malala fadamun Haɗeja da Nguru, wato noma da kifi da itace, da abin da yake samarwa a aikin ban ruwa na kogin Kano. Idan aka lissafa bisa yawan ruwan da aka kashe, fadama ta fi nesa ba kusa ba. Shawarar da masana suka riƙa bayarwa tun lokacin ita ce a riƙa sako ruwa da gangan a damina don a kwaikwayi ambaliyar asali, a rage sakin rani. Tafkin Nguru da hanyar Marma sun shiga jerin Ramsar, wato fadamu masu muhimmanci ga duniya, a 2000. A 2006 kuma jihohi shida, Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, tare da gwamnatin tarayya suka kafa asusun kula da kwarin wannan kogi mai mazauni a Damaturu, aka tsara yarjejeniyar rabon ruwa. Wato ilimi akwai, takardu akwai.

Malam_Idi_Kura
Sani, wannan lissafi na shekara talatin da suka wuce ne. Ka san yawan mutanen da ke cin abinci a Kadawa da Kura yau? Ka je kasuwar Kwanar Gafan lokacin tumatir ka gani. Masu sarrafa shinkafa nawa ne a Kura? Kada a mayar da mu kamar mu ne ɓarayin ruwa.

Sani_Geo
Malam Idi ban ce haka ba, kuma na yarda a sake lissafin da alƙaluman yau. Amma ka yarda da ni cewa ruwa mai yawa yana ɓacewa a hanya kafin ya isa gonarka, ta tsagaggun magudanai da ban ruwan da ya wuce kima. Ga wanda rana ke shanyewa a saman dam, a yankinmu ya kai kusan mita biyu a shekara, kuma zafi na ƙaruwa. Idan aka toshe ɓarnar magudanai kaɗai za a sami abin da za a bar wa gangare ba tare da an taɓa rabonka ba.

Mahamadu_Diffa
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ku tuna da mu ma muna wutsiyar kogin nan. Komadugu shi ne iyaka tsakaninmu da ku kafin ya faɗa tafki, kuma tattasan Diffa da kuke saye da ruwansa ake noma shi. Ranar da ruwa ya iso garinmu ita ke nuna muna yadda shekara za ta kasance. A 2019 da 2022 ya zo da ƙarfin da ya cinye gonaki da gidaje. Babu wanda ya taɓa tambayarmu sa'ad da ake tsara dam a Kano, alhali akwai hukumar tafkin Chadi tun 1964 da ƙasashenmu duka suke ciki. Ko labari kawai aka riƙa aiko muna, cewa ga yawan ruwan da ya wuce Gashuwa yau, ya isa mu ɗaga injinan ban ruwa daga bakin gaɓa.

Abba_Jos
Ai dama dam-dam ɗin Kano ne suka ƙafar da tafkin Chadi.

Binta_Yanayi
Abba, ba haka ba ne. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan kogi da ke shiga tafkin daga Chari da Logone yake, ta ɓangaren Chadi da Kamaru da Afirka ta Tsakiya. Rabon Komadugu Yobe ɗan kaɗan ne. Tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, farin 1970 da na 1980 suka rage shi zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Amma ga mutanen bakin Komadugu irin su Malam Mahamadu, wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne komai.

Kyari_Maiduguri
Tunda an zo tafkin Chadi, akwai darasin da ya kamata duk mai tsara aikin ruwa ya sani. Aikin ban ruwa na Kudancin Chadi a Marte, an tsara shi ne da tsayin ruwan tafki na shekarun yalwa. Aka haƙa babbar hanyar jawo ruwa, aka kafa manyan injina, aka yi niyyar noma dubban hekta na alkama da shinkafa. Kafin a more shi tafkin ya janye ya bar bakin hanyar a busasshiyar ƙasa. Ba a taɓa noma ko kusa da abin da aka tsara ba. Waɗanda suka tsara ba jahilai ba ne, sun ɗauka yanayin da suka gani shi zai dawwama.

Mu kuma a Maiduguri mun ga ɗaya fuskar. Daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, kogin Ngadda ya shigo gari. Gwange, Kasuwar Monday, fadar Shehu, duk ruwa. Iyalina a kan rufi suka kwana, har yau ƙaramar 'yata ba ta son jin hadari. An taɓa yin irinta a 1994. Kuma tun watan Afrilun 2024 hasashen yanki ya nuna damina mai yawa a Sahel. Shi ya sa nake goyon bayan Dan_Auyo. Idan aka ce shekarar ruwa ce, abu na farko a aika a duba lafiyar kowane dam kafin Yuni, ba sai an jira Agusta ba.

Ummi_K
Innalillahi. Allah Ya kiyaye gaba, Malam Kyari. Allah Ya mayar da alheri.

Laouali_Maradi
Amin. Hasashen da Malam Kyari ya ambata na cibiyar AGRHYMET ne da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari. Kowace shekara wajen Afrilu masana na ƙasashen yankin suna taruwa su fitar da hasashe ɗaya, har da na yawan ruwan koguna. Mu nan Nijar abin da na ga yana aiki shi ne ma'aunin ruwan sama a ƙauyuka. Idan aka yi ruwa, sai ka ji a radiyo gari kaza milimita kaza. Manomi ya saba da adadi, ya san ruwan da ya isa shuka da wanda zai yaudare shi iri ya ƙone. Mu ma 2024 ba ta bar mu ba, Maraɗi ta sha ruwa, tsohon masallacin Damagaram ma ya rushe.

Amma ina so in ƙara wani abu kan ambaliya. Ba sama kaɗai ake dubawa ba, a duba ƙasa. Masana sun lura a yammacin Nijar cewa ko a shekarun da ruwan sama ya ragu, ruwan da ke kwarara cikin ƙoramu ƙaruwa ya yi, domin an sare itatuwa, ƙasa ta daskare ba ta shan ruwa. Mu a Maraɗi da Damagaram sassaben zamani ya taimake mu: idan kana sharar gona ka bar tohon gawo da kalgo da sauransu, ka gyara su su girma. An ƙiyasta wajen hekta miliyan biyar sun farfaɗo ta haka. Tudun da ke zuba ruwa cikin Tiga da Challawa in ya zama fako, yashi zai cike dam ɗin, ruwa kuma ya riƙa isowa gaba ɗaya.

Bappa_Guri
Ni makiyayi ne. Duk zaman da ake yi kan ruwa ba a kiranmu, sai rikici ya tashi a neme mu. Idan ruwa ya daɗe bai janye daga fadama ba, ciyawar rani ba ta fitowa, burtali yana cikin ruwa, shanu dole su bi ta tudu inda amfani bai gama isa gida ba. Daga nan faɗa yake farawa. Da za a gaya wa ardo-ardo tun Satumba cewa bana ruwa zai yi jinkirin janyewa, da mun san inda za mu tsaya da dabbobi. Laouali, na ji a wajenku hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki?

Laouali_Maradi
Haka ne Bappa, ana zama da sarakuna da wakilan manoma da makiyaya a tsayar da rana bisa yadda girbi ya kama. Ba kullum ake kiyayewa ba, amma ya fi babu.

Aisha_Agro
Kafin a gama gyara dam, akwai abin da manomi zai iya yi da hasashen da hannunsa. Idan an nuna damina gajera, gero irin SOSAT yana nuna da wuri. Ga masu shinkafar fadama akwai FARO 66 da FARO 67, an fitar da su ne don jure nutsewa, suna iya kai wajen mako biyu a ƙarƙashin ruwa su farfaɗo. Matsalar ita ce hasashe yana fitowa a Fabrairu, amma mai sayar da iri bai san da shi ba, sai manomi ya je kasuwa a Mayu ya tarar da abin da aka saba. NiMet tana fassara hasashen da Hausa yanzu, sai dai takarda ce a intanet. Malaman gona da za su kai ta ƙauye sun yi kaɗan ƙwarai.

Dan_Auyo
Malama Aisha, mako biyu alheri ne, amma a 2022 ruwa ya fi wata a gonakinmu. Babu irin da zai jure wannan. Shi ya sa na koma kan tambayata ta farko. Iri da jinga da yashe hanya duk namu ne mu na gangare. Na sama fa, me ya hau kansu?

Injiniya_Sabo
Dan_Auyo, don adalci, a shekara irin 2022 ko an rage dam ɗin tun Yuli ba zai hana ambaliya gaba ɗaya ba. Akwai ƙoramu da yawa da ke shiga kogin a ƙasan dam ɗin biyu, ga ruwan da ke sauka a Jigawa kanta. Kogin Jama'are kuwa babu babban dam a kansa, na Kafin Zaki ba a kammala shi ba. Abin da ragewa da wuri zai yi shi ne ya sassauta ƙololuwar ruwan, ya kuma jinkirta ta. Wani lokaci taƙi ɗaya ne tsakanin jinga ta tsaya da ta karye.

Binta_Yanayi
Kuma 2022 ba za ta zama ta ƙarshe ba. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta binciki ruwan wannan shekarar a yankin tafkin Chadi, ta ce ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irinsa kusan sau 80. Yawancin lissafin kwamfuta na shekaru masu zuwa yana nuna tsakiyar Sahel, inda muke, zai ƙara ruwa, yammaci wajen Senegal kuma ya ragu, ko da yake lissafan ba su daidaita kan adadi ba. Wannan rashin daidaito shi ne dalilin da ya sa nake son jadawali uku na Injiniya. Tsarin da zai yi aiki ko ta ina shekara ta faɗo ya fi wanda ya jingina da zato ɗaya, abin da ya faru a Marte ke nan.

Malam_Idi_Kura
To na ji. Amma ku amsa mini wannan. Shekarar da kashi 20 ɗin Malama Binta ta faɗo, an saki ruwa, dam bai cika ba, aka ce bana rabin fili za a noma da rani. Wa zai biya wanda aka hana? Idan akwai asusu ko inshora da aka rubuta tun farko, ni zan sa hannu. Idan babu, kuna so ne a kwashe asara daga Auyo a kawo Kura.

Hajiya_Rabi_Nguru
Malam Idi, mu shekara nawa muna ɗauke da asarar ba wanda ya biya mu? Ban ce a cuce ku ba. A zauna da mu duka kafin damina, a buɗe alƙaluman a gaban kowa, masunta da makiyaya da mata masu sana'a, ba manyan ma'aikata kaɗai a otal ba.

Sani_Geo
Ko tsayin ruwan dam ɗin biyu kawai aka riƙa sanarwa a rediyo kowace Juma'a daga Yuli zuwa Oktoba, tare da awon Wudil da Haɗeja da Gashuwa, rabin jita-jitar "an buɗe dam" zai mutu, kuma Malam Mahamadu a Diffa zai ji.

Mahamadu_Diffa
Muna kama tashoshinku sarai. A sa da Kanuri ma.

Bappa_Guri
Da Fulatanci.

Dan_Auyo
Injiniya, a cikin waɗanda kuka yi aiki tare akwai wanda har yanzu yake bakin aiki da za ka gayyato zauren nan? Ina so in ji daga bakin mai riƙe da makullin ko hasashen yana zuwa teburinsa, da kuma abin da aka ba shi ikon yi da shi idan ya zo.

Injiniya_Sabo
Zan tuntuɓi ɗaya, amma ban yi alkawarin zai yarda ya yi magana a fili ba. Malam Idi, tambayarka ta wa zai biya ita ma zan kai masa.

Aisha_Agro
Masu tambayata ta akwatin saƙo inda ake samun FARO 66, ku fara tuntuɓar ofishin malamin gona na ƙaramar hukumarku tun yanzu, kuma ku duba takardar shaidar da ke jikin buhu kafin ku biya.